Iyakar da Ta Raba Mu da Gona

Shekarar da aka sake yanka mazaɓu, wani ma'aikaci ya zo daga Filinge da taswira, wai gidanmu yana inda yake, amma gonarmu ta faɗa ƙasar wani depite, wato wani ɗan majalisa daban. Baba ya saɓi hauya ya tafi neman iyakar, na bi shi da goyo a bayana. Hatsi ya fid da kai, iska na kaɗa shi kamar ruwan tafki. Muka yi ta yawo cikinsa har la'asar, ba mu ga komai ba sai sawun zabi.

"Su ba a hwaɗa musu ba," in ji Baba.

Tun ranar har rasuwarsa, in zai tafi gona sai ya yi mana bankwana irin na matafiyi.