Mudun Malam Nagoda

Duk wanda ya zauna a Tudun Wada ya san Malam Nagoda, dogon nan mai tafiya kamar ya bar tukunya a wuta. Da gyaran rediyo ya fara, ya koma buga wa ɗalibai takardu, ya haɗa da karatun yamma, har Allah ya kai shi wata cibiyar binciken noma. In ka tambaye shi aikinsa, sai ya ce shi mai riƙon mudu ne.

Bai kuwa yi ƙarya ba. Kwamfutocin cibiyarsu haɗe suke da na wasu cibiyoyi a jihohi daban-daban, suna aikin gayya. In lissafin ruwan sama da amfanin gona ya yi wa ɗaya yawa, sai a rarraba musu, kowace ta yi nata, a haɗa. To, hakan ba ya yiwuwa sai kowa na awo da mudu ɗaya: yadda ake gane gona, yadda ake auna girbi, da gurbin da kowane bayani zai shiga. Wannan tsarin shi ne a hannun Nagoda. Ko wasali za a canza a cikinsa, sai ya duba, ya aika wa kowace cibiya, ya bi su da waya har su karɓa. Ya tabbata ranar da ya kau da kai, ranar kasuwa za ta watse.

Ana nan sai yanar ido ta fara rufe masa idanu. Ya yi ta ƙara girman rubutu a kwamfuta, har harafi ɗaya ya kusa kan akuya. Likita ya ce a yi aiki, ido ɗaya tukuna, amma zai yi makonni bai kalli kwamfuta ko waya ba. Nagoda ya ce sai bayan girbi. Bayan girbi ya ce sai bayan azumi. Likita ya gaya masa kullum yanar ƙara tauri take yi. Ranar da ya yi wa tankin ruwan maƙwabta sallama, ya kuma tsaya jiran amsa, matarsa Maijidda ta ce ya ishe ta haka.

Ba da son ransa ba ya damƙa tsarin ga Rut, wadda ake kira Maman Wisdom, abokiyar aikinsa tun zuwansa cibiyar. Ya yi mata wasiyya kamar mai tafiya Makka a ƙasa: kada ta taɓa komai, kowa ya zo da buƙata ta ce Malam na tafe.

Aka yi aikin lafiya. Maijidda ta ɓoye wayarsa. Yana zaune a falo da baƙin tabarau kamar mawaƙi, sai wani mai zuwa dubiya ya yi suɓul da baka, ya ce ai wata sabuwar cibiya ta masu noman rani ta shigo gayyar. Nagoda ya zabura. Tsarinsa girbi ɗaya ya sani a shekara, su kuwa sau biyu suke girbi. In aka zuba nasu haka nan, na rani zai hau kan na damina ya shafe shi. In kuma wata cibiya ta yi gyara ita kaɗai, kwamfutocin za su riƙa haɗa lissafin da bai haɗu ba, ba wanda zai gane sai bayan an ba manoma shawara. Ya fara laluben takalmi. Maijidda ta tsaya a bakin ƙofa, ta ce in ya fita ya ɓata idon, ita ba za ta yi masa jagora ba.

A daidai nan Rut ta yi sallama da ledar lemo. Bai bari ta zauna ba.

"Maman Wisdom, kin taɓa?"

"Na taɓa, Malam."

Ta ce ta ƙara gurbin da zai nuna rani ne ko damina, ta ba sabon tsarin lambarsa, ta bar tsohon yana aiki har sai da kowace cibiya ta gwada ta ce ta yarda. Ya tambayi tsofaffin bayanai, ta ce duk an sa su a damina, ba abin da ya ɓace. Ya tambaye ta labarin Kailani, mutumin wata cibiya da ba ya ɗaga waya ko da gobara ake.

"Matarsa na kira," in ji Rut. "Kafin la'asar ya karɓa."

Nagoda ya nemi abin da zai kushe, bai samu ba. Ya zame a kujera ya sauke ajiyar zuciya, ya ce shi duk shekarun nan bai taɓa tunanin matar Kailani ba. Maijidda ta ce to yanzu sai ya mayar da takalmin inda ya ɗauko.

Ya mayar. Ya ɓare lemo ɗaya ya sha, sannan ya ce Maijidda ta kira likita ta tambaye shi yaushe za a yi ɗaya idon.