Fuskoki Arba'in da Ɗaya na Baba Markus

A maɗaba'ar Alhaji Sada da ke Ƙofar Ƙaura akwai wani tebur a ƙurya, kusa da taga, na wani dattijo da kowa ke kira Baba Markus. Aikinsa ɗaya ne. Duk hoto mai kala da za a sa a cikin ƙasida ko ɗan littafi, shi yake mayar da shi baƙi da fari kafin a shirya shafi, domin bango kaɗai ake bugawa da kala, ciki kuwa baƙar tawada ce zalla.

Na san shi wata biyu bayan dawowata daga karatun shekara tara a ƙasar waje. Gwaggona, Malama Furera, ita ce shugabar wata Islamiyyar matan aure a Ƙofar Guga, kuma da yake ban fara aiki ba, ni nake tuƙa ta. Ta kai aikin littafin walimar ɗalibanta, muna ta zuwa muna dawowa. Ita tana ciniki da Alhaji, ni kuma ina zaune a benci kusa da tsohon ina tambaya.

Mahaifinsa magini ne daga kudancin Kaduna, aikin gwamnati ya kawo shi Katsina. A nan aka haifi Markus, kuma in yana magana ba ka raba shi da ɗan cikin birni. Ya yi shekara talatin da wani abu yana da shagon hoto a Ƙofar Sauri, da ɗakin duhu a baya, inda yake wanke fim a ƙarƙashin jan ƙwan fitila. Har yau faratansa ba su koma fari ba saboda ruwan wankin. Da waya ta shiga hannun kowa, shagon ya mutu. Yana da shekara hamsin da shida ya koyi kwamfuta, da yatsa ɗaya, har Alhaji Sada ya ba shi wannan tebur.

Laifinsa shi ne nawa wajen aiki. Hoto ɗaya sai ya ci masa rabin awa. Zai ƙanƙance ido ya daɗe yana kallo, ya tambayi mai aikin wa ya fi muhimmanci a ciki, ya gyara, ya buga gwaji a ainihin takardar da za a yi aikin, sannan ya fita bakin ƙofa ya duba a rana. Ya ce takardarmu tana shan tawada, abin da ka gani da haske a kwamfuta zai fito da duhu. Na gane abin da yake nufi. A wata ƙasidar jami'armu ta can an taɓa sa hotona, ba a ganin komai sai idanu da haƙora.

A cikin kwanakin nan ne Alhaji Sada ya gano cewa akwai wuri ɗaya da za a danna, hoto ya koma baƙi da fari nan take. A gabana ya faɗa masa, ba da wulaƙanci ba.

"Baba, ni ma na iya abin nan yanzu. In wata ya ƙare ka je ka huta. Ka yi mana ƙoƙari."

"To, Alhaji," in ji shi. Ya ci gaba da kallon allon kwamfutarsa. Da Alhaji ya fita sai ya ce mini, a hankali, da sunan da ya laƙa mini saboda zamana a waje, "Bature, in na zauna gida mi zan yi? Matata Ladi ta ce ko kwana ukku ba za ta iya da ni ba." Ya yi dariya, amma hannunsa bai bar gefen teburin ba.

Saura kwana tara wata ya ƙare muka koma duba gwajin littafin. Alhaji da kansa ya yi hotunan, ya miƙo wa Gwaggo shafukan yana murmushi. Ta buɗe tsakiya, ta gyara tabarau.

A makarantar tata akwai al'ada. Wadda ta sauke Alƙur'ani duka, izu sittin, koren hijabi take sawa ranar hoto. Wadda ta kai rabi tana sa ja. A babban hoton mata arba'in da ɗaya ne, sha huɗu masu kore, kuma ba a jera su daban ba, kowa ta tsaya kusa da ƙawarta. A ƙasa an rubuta: masu koren hijabi su ne suka sauke. To a takardar nan babu kore babu ja. Hijabai arba'in da ɗaya duk sun zama ruwan toka iri ɗaya, fuskokin kuma kamar an ɗiga tawada.

"Alhaji, mi ne ne wanga?"

"Hajiya, ai haka baƙi da fari yake."

"Nuna mini Inna Madina." Ta tura masa takardar. "Shekararta saba'in. Shekara goma sha ɗaya tana zuwa da sandarta kafin ta sauke. Jikokinta za su buɗe littafin ga su nemi kakarsu. Nuna mini ita, in gani."

Alhaji ya duba sama, ya duba ƙasa. Ya ce a sake ɗaukar hoton. Gwaggo ta ce uku sun koma ƙauyukansu sai ranar walima, ɗaya ta tafi Umra. Ya ce a sa kibiya a kan kowace. Ta ce ɗalibanta ba ɓarayi ba ne da za a nuna su da kibiya.

Daga ƙurya Baba Markus ya ce, "Hajiya, ko a ba ni in gani?"

Ya buɗe hoton na asali. Ya ce mini ja da kore a ido ne suka bambanta, amma nauyin haskensu ɗaya ne, shi ya sa kwamfuta ta haɗe su. A zamanin fim, jan gilashi yake sawa a bakin kyamara in yana so ja ya yi haske. Ya ja wani layi a allon, sai jajayen hijabai suka washe, korayen suka yi duhu, fuskoki ma suka buɗe, domin fatarmu tana da ja a ciki. Ko minti biyar bai yi ba. Alhaji ya ce, "Alhamdu lillahi, an gama."

Gwaggo ta sunkuya ta duba. "A'a. Waɗanda suka sauke su ne za su yi duhu, na rabi su yi haske? Malam Markus, juya shi."

"Hajiya, in na juya, fuskokin za su koma duhu. Sai na bi su ɗaya bayan ɗaya."

"To bi su."

Ya bi su. Ya haskaka kore, ya danne ja, sannan ya faro daga layin baya, hagu. Yakan zagaye fuska, ya ɗaga haskenta kaɗan kaɗan, ya tsaya kafin ta yi fari fat. Ya ce da can da guntun kwali a bakin siririyar wayar ƙarfe yake yin haka, yana kare fuska daga hasken injin buga hoto. Gwaggo ta jawo kujera ta zauna, duk fuskar da ta fito sai ta kira sunanta. Aka yi azahar, muka je muka dawo, yana kan ta ashirin da biyu. Da ya zo kan wata tsohuwa a layin gaba, ya ƙara girman hoton, ya daɗe a kanta, har zanen da ke kumatunta ya fito layi layi.

"Ga ta nan," in ji Gwaggo. "Ga Inna Madina."

Bayan la'asar ya buga gwaji, ya fita bakin ƙofa, ya dawo ya ƙara haske kaɗan, ya sake bugawa. Aka gyara rubutun ƙasa: masu hijabi mai haske su ne suka sauke. Daga nesa ma kana iya ƙirga su sha huɗu.

Ranar walima na ga mata sun yi cincirindo a kan shafin tsakiya, kowa da yatsa a kan fuskarta. Kafin mako ya zagayo, shugabannin Islamiyyu biyu sun zo maɗaba'ar da hotunansu, suna tambayar tsohon da ke fitar da fuska.

Wata ya ƙare ranar Alhamis. Na je da gangan. Baba Markus ya zo da jakar leda don kwashe kayansa, ya tarar an ajiye masa hotuna talatin a kan tebur. Alhaji Sada ya dubi jakar.

"Baba, wannan fa?"

"Wata ya ƙare, Alhaji."

"Wane wata? Zauna, mutane na jira. Amma don Allah ka riƙa sauri."

"Ba zan yi ba," in ji Baba Markus. Ya naɗe jakar ya cusa a aljihu, ya jawo kujerarsa, ya ƙanƙance ido a kan hoton farko.