Ranar da Aka Bi Iyakar Gonar Baba Nu'uman

Kowace Asabar, ana idar da sallar asuba, Farfesa Sakinatu Bamalli ta riga ta shimfiɗa tabarmi a zauren gidanta da ke unguwar Magajiya, na'urar awon jini tana gefenta. Tsofaffi sukan zo kafin su jefa goro a baki, don ta ce goro yana ɓata mata awo. Ni direbanta ne. Shekara goma sha ɗaya na yi ina kai ta jami'a a Abuja ina dawo da ita.

Ilimin halayyar ɗan Adam take koyarwa. Abin da ta ƙare ƙuruciyarta a kansa shi ne yadda hawan jini ke cin ƙwaƙwalwa a hankali har tsoho ya fara mantuwa. Takardar gwajin da asibitoci ke amfani da ita cewa take tsoho ya zana agogo, ya faɗi kwanan watan boko. Ita ta ajiye wannan. Sai ta tambayi manomi abin da ya shuka bara, ta ce ya lissafa ƙauyukan da ke kan hanyar Izom. Abokan aikinta suka ce wannan ba bincike ba ne. Ba ta fasa ba.

Cikin masu zuwa akwai Baba Nu'uman, manomi daga Maje. Gidaje sun kewaye gonarsa, masu gini suna so, ya ƙi sayarwa. Sai ɗansa Khamis ya kai shi wani asibiti, ya dawo da takarda wai tsohon ya ruɗe, ba zai iya yanke shawara kan dukiyarsa ba. Aka sa ranar zama gaban mai unguwa.

Ranar ta soke laccarta, ta ce in juya mota Maje.

Mun same su a ƙofar gidan mai unguwa. Ta gaida kowa, ta durƙusa kusa da tsohon.

“Baba, me suka ce ka yi a asibitin?”

“Wata yarinya ta ba ni biro wai in zana agogo. Ni da ban taɓa ɗaura shi ba. Na zana mata rana.”

Mutane suka yi dariya. Khamis bai yi ba.

“Hajiya, da girmanki, wannan takardar likita ce. Ke kuwa ba likita ba ce.”

“Haka ne. Shekara goma sha huɗu nake auna mahaifinka. Shi likitan minti nawa ya yi da shi?”

Ta juya ga mai unguwa. “Ranka ya daɗe, ba zan yi ƙarya ba, Baba yana mantuwa. Yakan nemi hularsa tana kansa. Amma ya san abin da ya mallaka, ya san abin da yake so. Kada a ɗauki maganata. A tashi a je gonar.”

Aka tashi. Tsohon ya shige gaba da sandarsa. Ya nuna ɗorawar da ta raba shi da maƙwabcinsa, ya faɗi wanda ya dasa mangwaron gabas da shekarar da ruwa ya cinye kusurwar kudu. A wani wuri ya tsaya ya ce a tona. Ni na karɓi fartanya. Ban yi nisa ba na ci karo da dutsen iyaka.

“Ban sayarwa,” in ji shi. “In na mutu, Khamis, ka yi yadda ka ga dama.”

Mai unguwa ya naɗe takardar ya miƙa wa Khamis, ya ce gona tana hannun mai ita.

Watan da ya biyo baya ciwon baya ya sa na bar tuƙi, don haka wannan ce fitarmu ta ƙarshe. Ranar, a nan gonar, tsofaffi suna ta sa mata albarka, ko tsayawa ba ta yi ba. Ta zaunar da Baba Nu'uman a gindin ɗorawa, ta naɗa masa na'urar a hannu, ta duba, ta ɓata fuska.

“Baba, ka sha maganinka yau?”

“Na manta, 'yata.”

Ta buɗe littafinta ta rubuta, sannan ta kira Khamis ta nuna masa ƙwayar da zai riƙa ba shi kowace safiya.