Layin Allin Maikano

A Birnin Konni, in aka ambaci Maikano, wasu sai su taɓe baki su ce ai mai sa faifai ne a gidan rawa. To, mai sa faifai ne. Shekara goma sha ɗaya ya yi a gidan rawar Iliyasu, kuma da yawa cikin masu taɓe bakin a gabansa suka koyi taka rumba.

Ya fara a 1982, bayan ya bar lakwal, wato makarantar boko, a aji uku na kwaleji. Akwati biyu na fayafai gare shi, kiɗan Kongo da na Kuba da haylayif na Gana, waɗanda direbobin manyan motoci ke kawo masa daga Kwatano da Legas. Ranakun Asabar da Lahadi, daga bayan la'asar, malaman lakwal da ma'aikatan duwan, wato kwastan, da ƴan kasuwa kan cika farfajiyar.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidan da wani ƙaramin masallaci. Dattawan unguwa sun bar Iliyasu ya buɗe ne bisa sharaɗi guda: ranar da kiɗa ya hau kan kiran salla, ranar za a rufe. Ladanin kuwa, Malam Labbo, ba ruwansa da agogo, da ido yake duban faɗuwar rana. Sai Maikano ma ya koma ga ido. Ya lura da yadda inuwa ke hawa katangar gabas in yamma ta yi, ya ja layi da alli. In inuwa ta taɓa layin, saura faifai ɗaya kafin kiran magariba. Ya san tsawon kowace waƙa kamar yadda uwa ta san kukan ɗanta. Duk Juma'a yakan goge layin ya gusa da shi, don rana ba ta tsayawa wuri ɗaya.

Da Iliyasu ya tsufa, ƙaninsa Alkasum ya karɓi gidan. Ya dawo daga Sakkwato da rediyo mai kaset biyu da buhun sababbin waƙoƙi.

"Yaya Maikano," in ji shi, "kiɗanka kiɗan ƴan fansho ne. Ka tahi ka huta."

"To. Amma kak ka goge layin can."

"Wane layi? Wanga zane na yara? Ina da agogo, na Japan ma."

Maikano bai yi musu ba. Ya ɗora akwatunansa a amalanke ya koma gida. Babu wanda ya raka shi ko bakin ƙofa, duk da shekarun nan da ya yi yana sa su rawa. Sai ka ce tsohuwar tabarma aka naɗe.

A Lahadi ta biyu, agogon Japan ya ce saura minti shida. Malam Labbo ya ga rana ta faɗi, ya ɗaga murya, kaset na ta ruri a kansa. Kafin a lalubo maɓalli, ladanin ya kai kalmar shahada. Washegari dattawa suka sa kwaɗo a ƙofar.

Alkasum ya yi sati uku yana zarya tsakanin gidan mai unguwa da buro, ofishin hukuma. Daga ƙarshe Malam Labbo ne ya raba gardama. Ya ce shi ba ya son kiɗa, bai kuma taɓa so ba, amma shekara goma sha ɗaya yana jin allurar faifai ta ɗaga kafin ya buɗe baki. In mai allin ya dawo, a buɗe.

Alkasum ya iske Maikano yana goge fayafai da tsumma a zaure. Ya durƙusa, abin da bai saba ba.

"Yaya, ka yi haƙuri."

"Agogon ya lalace ne?"

"Yaya, don Allah."

"Kiɗan ƴan fansho zan sa, ka sani."

"Sa abin da kake so."

Ranar Juma'a Maikano ya je da guntun alli a aljihu, ya zauna shi kaɗai a farfajiya har Malam Labbo ya kira, ya ja sabon layi. Ranar Asabar farfajiya ta cika, har da masu taɓe baki. Da inuwa ta taɓa alli, ya zaro wata tsohuwar rumba mai minti huɗu. Waƙar ta ƙare, ya ɗaga allura, ya rufe akwati. Ƙafafu ba su gama tsayawa ba, muryar Malam Labbo ta tsallako katanga. Maikano ya ɗauki butarsa.