Safiyar da Kifi Ya Taso Sama

Wata safiyar Laraba ce da damina, shekarar da na shiga aji uku, Inna ta aike ni bakin ruwa wankin kwanoni. Ƙauyenmu yana gefen tafki kusa da Wara, daidai inda wani ƙaramin rafi ke zubowa cikin babban ruwa. An kwana ana ruwan sama, ina tafe da kwanoni a ka ina tsallake kwaɗi. Da na ɓullo ta bayan gonar dawa sai na tsaya cak. Ruwa ya yi fari fat da kifi iya ganina. Karfasa da tarwaɗa da wasu manya da ban san sunansu ba, duk sun taso sama sun juya ciki, wasu na ɗan motsa baki. Ko kaɗan ban ji tsoro ba, na ɗauka Allah ne ya buɗe wa ƙauyenmu taska. Na yar da kwanoni na faɗa ruwa har gwiwa, na rungumo karfasa uku masu ƙiba, na sheƙa gida.

Inna mai bandar kifi ce. Na tarar ta zagaya bayan gida ɗibar itace, ga babban kwandonta cike da kifin da Baba ya kamo can tsakiyar tafki, an gyara shi yana jiran wuta, za a kai kasuwar Yelwa. Ni kuwa tun ina ƙarama akwai ni da son a yaba mini. Na gyara nawa ukun tsaf kamar yadda ta koya mini, na cusa su tsakiyar kwando, wai don in ba ta mamaki.

Ban gama wanke hannu ba na ji ƙahon Sarkin Ruwa, shugaban masuntanmu, sau uku. Duk yaron ƙauyenmu ya san ma'anarsa: kada kowa ya taɓa ruwa ko abin da ya fito cikinsa. Tun kafin in yi wayo shanun wasu makiyaya sun taɓa mutuwa bayan sun sha ruwan da aka wanke kayan feshi a ciki. Daga nan dattawan ƙauyukan bakin tafki, masunta da manoma da Fulani, suka zauna suka raba wa kowa aikinsa idan haka ta sake faruwa. Mu yara har wasa muke yi da shi a filin makaranta, wani ya busa hannu, saura su watse da gudu. Ashe wannan karon babbar mota ce ɗauke da maganin feshi ta kife a gadar rafin, jarkoki suka fashe, ruwan sama ya kwaso ya kawo mana.

Abin da na gani ranar har yau yana ba ni mamaki. Jiragen ruwa biyu suka tashi, ɗaya kudu ɗaya arewa, kowanne da jan ƙyalle a kan gora, ƙauye na miƙa wa ƙauye labari. Makiyaya suka juya garke guda daga hanyar mashaya. Mata suka yi layi a rijiyar makaranta, aka tattara mu da muka shiga ruwa aka yi mana wankan sabulu har fata ta yi zafi. Samari suka ɗaure hannuwa da leda suna kwashe kifi zuwa wani rami da aka haƙa can kan tudu. Sarkin Ruwa, tsohon da muke kwaikwayon tafiyarsa a ɓoye, yana tsaye da sanda, ko murya bai ɗaga ba. Mutanen da duk rayuwarsu neman kifi suke, ga shi ya zo musu har ƙafa, suna binne shi da hannunsu ba mai gardama.

Sai a lokacin na tuna da karfasa ukun da na cusa a kwandon Inna. Na dawo gida na tarar Inna ta hura wuta, ta jawo kwando. In na yi shiru, wani zai ci gubar a Yelwa. In na faɗa, wahalar Baba ta tashi a banza. Na tsaya ina murza bakin zane, sannan na fashe da kuka na faɗa mata. Ta dube ni, ta dubi kwandon, ta ce, "Waɗanne na naki cikin kihin ga?" Na duba na sake dubawa, wallahi ban iya bambance su ba. Ba ta dake ni ba, da ma dukan ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta yi gammo ta ɗora kwandon a ka. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta ce ai uku ne kawai, a wanke a ɗora a wuta. Inna ta ce, "Wanda zai ci ban san huskatai ba, amma shi ma ɗan wata na." Na bi ta a baya har tudu, ta juye shi kaf cikin rami a gaban jama'a. Mako biyu muna cin tuwo da miyar kuka ba ko ƙaya a ciki, ba ta kuma taɓa tayar da zancen ba.

Yanzu kowa na da waya, labari na zagaye tafki kafin jirgi ya bar gaɓa, sai dai rabin masu ji tsayawa suke yi suna tambayar ko gaskiya ne. Inna ta rasu, ni kuma aure ya kawo ni birni, nakan sayi banda a hannun matan da ban san daga inda suka fito ba. Duk lokacin da na zuba ta a tukunyar 'ya'yana sai in yi addu'a a ce akwai irin Inna a can bakin ruwan. Yau ni ce wadda ba a san fuskarta ba.