Ƙaramar Mota a Ƙoramar Tsarnawa

Ranar kasuwar Konni na saye ta, a wurin wani mai kayan gwanjo da ke baza hajarsa a kan leda kusa da inda 'yan kabu-kabu suke tsayawa. Na taso daga lakwal ɗin da nake koyarwa, na biya in sayi tumatir, sai na hango ta tsakanin wata tsohuwar fanka da tulin takalma. Mota ce shuɗiya wadda tsawonta bai wuce kamu ɗaya ba, jikinta duk ƙarzuwa, tayoyinta kuma manya, sun yi mata yawa. Na danna taya ɗaya da yatsa, na ji ta lotsa kamar burodi. Mai kayan ya ce cikin buhu ta zo daga Kwatano, da abin tuƙinta da abin cajinta, iyakar abin da ya sani ke nan. Abin tuƙin kamar ƙaramar bindiga yake, da kunama a ƙasa, da ɗan sitiyari a gefe wanda bai fi murfin kwalba ba.

Ɗiyata na saya wa. Muka yi caji, ta ajiye motar a tsakar gida ta ja kunamar har ƙarshe. Motar ta yi ɗan kuka, ta kama tafiya a hankali, har kazar maƙwabta ta wuce ta ba tare da ta ɗaga kai ba.

"Mama, wannan ta gaji," in ji ɗiyata. Ta miƙo mini abin tuƙin ta koma wurin wasanta.

Ni ma na ɗauka lalacewa ta yi. Na kai wa mai gyaran waya, ya buɗe ta, ya auna batir, ya ce lafiyarta lau, haka aka ƙera ta. Abin ya tsaya mini a rai. Wane ne zai zauna ya ƙera motar wasa, ya sa mata irin waɗannan tayoyi, sannan ya hana ta gudu?

Ranar Asabar na karɓo ta, kuma ranar ce nake zuwa Tsarnawa gaida iyayena, don haka a jakata ta yi tafiyar.

Mahaifina direban kamyo ne, babbar motar kaya. Ya fi shekara talatin yana ɗaukar albasar Galmi zuwa Kwatano da Abijan, har idonsa ya fara gaza hango nesa, yayyena suka taru suka roƙe shi ya ajiye. Ya ajiye, amma bai ji daɗin ajiyewar ba. Yakan wuni a zaure, yana jin manyan motoci na wucewa a kan kwalta, yana faɗin irin injin kowacce tun ba ta iso ba. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba. Uwata yake ce mini.

Ina ciro tsarabar da na kawo wa Inna sai tayar motar ta leƙo.

"Uwata, mi na na?"

Na ba shi labarin. Ya karɓe ta da hannu biyu, ya kifa ta, ya kusanto da ita fuskarsa. Ya juya taya ɗaya, ya ga sauran ukun sun juya tare. Ya ɗaga tayar gaba ta dama sama sosai, sauran suka zauna daram a kan tabarma.

"Wagga ba motar yara ba ta," ya ce. "Kat-kat ta, tayoyi huɗu duka ka ja. Bitas guda gare ta, giyar hawa. Aje ta can, ki tura ta bisa dokin ƙohwa."

Dokin ƙofar zaurenmu ya kai tsayin ɗani. Na ajiye ta, na ja kunamar. Tayoyin gaba suka dafa siminti, suka lotsa, suka kama, motar ta ɗaga ƙirji ta hau, ta sauka ta ɗaya gefen kamar hawainiya. Baba ya yi dariyar da na daɗe ban ji ba. Ya tashi ya ɗauki hularsa.

"Mu tahi ƙorama."

Bayan gonakin gero akwai wata ƙorama da ruwan damina ya haƙa, cike da duwatsun marmara, wasu kamar tukunya, wasu kamar turmi. Tun ina yarinya nake tsallake ta, ban taɓa tsayawa na dube ta ba. Baba ya ce shi zai fara. Na nuna masa kunamar da ɗan sitiyarin. Amma hannunsa ya saba da babban sitiyari, kuma yana ɗan rawa. Ya danna da ƙarfi, motar ta haye dutse a karkace, ta mirgina ta kwanta a bayanta, tayoyi na juyawa a sama. Ya sake gwadawa, ta sake kifewa. Na ga kunya a fuskarsa, irin wadda ban so in gani ba.

"Amshi," ya ce. "Ke tuƙa. Ni ne aparantinki."

Ya sauka cikin ƙoramar, ya tsaya gaban motar ya duƙa, ya ɗaga hannuwa biyu yadda yaran mota suke yi wa direba idan zai shiga wuri mai wuya. Yatsunsa na kira, zo, zo, zo. Ya dunƙule hannu, na tsaya. Ya karkata tafin hagu, na karya sitiyari hagu.

"Kada ki kalli motar. Kalli inda tayar baya za ta taka. Ta gaba ta riga ta wuce, ta baya ita ka kada mutum."

Na ce ai dutsen can ya fi sauƙi a kewaye shi.

"A'a. Taka shi. In kin bar shi tsakiya, cikinta za shi kama, ta rataye. Dutse, taya aka ba shi."

Muka yi kusan awa ɗaya a tafiyar da ba ta fi tsawon tabarma uku ba. Da batir ya ƙare na lura cewa wuyana ya ƙage, kuma duk tsawon lokacin ban tuna da takardun ɗalibai da ke jirana a gida ba, ban tuna da komai ba. Yatsana kaɗai na sani, da inda taya za ta sauka.

A makon na roƙi wata abokiyar aikina ta taya ni nema a waya, muka ga ashe abin duniya guda ne. Manya ne, masu furfura, a ƙasashe daban-daban, suna bin irin waɗannan motoci a ƙafa cikin duwatsu, suna durƙusawa suna leƙen ƙarƙashinsu. Ba wanda yake tsere. Abokiyar tawa ta ce waɗannan ba su da aikin yi. Ni kuwa na riga na sa batir a caji tun ranar Laraba.

Asabar ta biyu wani manomi ya zo wucewa da amalanken jaki. Ya tsaya a bakin ƙorama ya daɗe yana kallonmu, ni malamar lakwal da zanena ɗaure tamau, Baba kuma a durƙushe cikin yashi.

"Alhaji, sannunku da aiki. Mi taka ɗauka?"

"Ba ta ɗaukar komi."

"To ina za ta?"

"Bisa wancan dutsi."

"In ta hau hwa?"

"Sai ta sauko," in ji Baba.

Mutumin ya gyaɗa kai kamar an ba shi amsa mai gamsarwa. Bai tafi ba. Ya ɗaure jakin a gindin wata aduwa ya zauna, kuma da motar ta zame sai da ya ce "kash" kafin mu.

Dutsen da Baba ya nuna shi ne babba a wurin, faffaɗa, a jingine, tsayinsa ya kai ƙuguna. Duk lokacin da motar ta kai rabinsa sai gabanta ya yi sama, ta tsaya a kan tayoyin baya, ta faɗo da baya. Sau nawa muka gwada, ban ƙirga ba. Na ce wataƙila ya fi ƙarfinta.

"Ba ƙarhi ta rasa ba. Lodi na. An yi mata lodi baya."

Ya cire murfin jikinta ya nuna mini batir, wanda yake zaune a kan tayoyin baya. Ya ce haka kamyo take idan masu lodi suka jibge buhunan a gindi: a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya ba za ka sani ba, sai ka zo hawa. Muka kwance batir muka matso da shi gaba, muka ɗaure da robar tayar keke. Ya koma gida ya buɗe tsohon akwatin kayan aikinsa, wanda Inna ta ce bai taɓa ba tun da ya bar tuƙi, ya zaɓo ƙananan notina huɗu masu nauyi, ya ɗaura biyu a kowane gefen ƙarfen tayoyin gaba. Inna na tsaye tana kallonsa.

"Malam, yanzu kai da girmanka?"

"Aiki nika," ya ce, bai ɗago ba.

A wajen wannan ɗaurin ne ya ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Wata shekara ruwa ya cinye wata gada a hanyar kudu, motoci suka yi layi, albasa ta fara zafi a cikin buhu. Akwai ratse ta cikin wani kwari mai duwatsu, direbobi biyu sun gwada sun maƙale. Shi kuwa ya sauka ya bi ratsen a ƙafa, sau uku, yana ajiye ɗan dutse a duk inda yake so tayarsa ta taka. Sannan ya sa aka mayar da wasu buhuna gaba, ya shiga ya wuce.

"Ba ka taɓa faɗa mana ba, Baba."

"Wa ya tambaye ni? Ku tsaraba kuka jira."

Gaskiya ya faɗa. Iyakar abin da na sani game da aikinsa shi ne yana tafiya, yana dawowa da burodi da abarba da warin man gazuwal a rigarsa. Ban taɓa ganinsa yana aikin ba sai a kan motar da ake ɗauka da hannu ɗaya.

Gyaran ya yi amfani, amma ba a ranar muka hau ba. Motar ta wuce inda take faɗowa, ta kai kusa da ƙarshe, sai tayar hagu ta shiga wata tsaga. Na ƙara wuta, na karya sitiyari da ƙarfi, muka ji ƙas. Ɗan siririn ƙarfen da ke haɗa tayoyin gaba biyu ya karye, tayoyin suka kalli juna. Raina ya ɓaci, don na san ba inda zan sami irinsa a Konni. Baba ya tsinci guntayen ya zuba a aljihu, ya ce in bar masa motar.

Da na dawo Asabar ta gaba, na tarar ya yanko ɗaya daga cikin siraran wayoyin ƙafar keke, ya kai wa maƙerin unguwa sun lanƙwasa bakinta biyu daidai da tsohon. Na kuma tarar da wani abin: tsakar gidan cike da tubala da guntayen turmi da wani tsohon faranti a kife. Inna ta ce kullum bayan la'asar yana nan yana koyon kunamar, har ya gano cewa idan ya dafe gwiwar hannunsa a cinya, rawar takan ragu.

A ƙorama muka tarar da mai amalanken, da wasu tsofaffin direbobi biyu abokan Baba, waɗanda suka fara gardama tun kafin a ajiye motar. Ɗaya ya ce a hau ta dama, ɗaya ya ce duk wanda ya hau ta dama bai taɓa tuƙi ba. Baba ya zauna a kan wani dutse, ya dafe gwiwar hannunsa, ya dube ni.

"Uwata, shiga gaba. Idona ba ya kai can bisa."

Na hau gefen dutsen na ɗaga hannuwa yadda na ga yana yi. Zo, zo. Tsaya. Hagu kaɗan. Motar ta taho tana ɗan kukanta, taya ɗaya na hawa, ɗaya na rataye a iska, jikinta na karkacewa har na ce ta tafi, sai ta dawo. A bakin tsagar na dunƙule hannu, ya tsaya cak. Ya ja da baya kamar faɗin yatsa biyu, ya karya, ya taka gefen tsagar maimakon cikinta. Tayoyin gaba suka dafa saman dutsen, na baya suka ɗan yi santsi, suka kama. Ta hau, ta tsaya kusa da ƙafata.

Ba wanda ya yi ihu. Ɗaya daga cikin tsofaffin ya ce, "Ai na hwaɗi, ta hagu." Ɗayan ya ce ba haka ya ce ba. Baba ya goge tafin hannunsa a riga ya ce in juyo da ita, saukowa ta fi hawa wuya.

Tun daga lokacin a Tsarnawa motar take kwana. Ni ce mai zuwa da batir na biyu, wanda mai gyaran waya ya haɗa mini. Har yanzu idan abokan aikina suka tambaye ni mene ne daɗin abin, sai in rasa amsar da za ta shige su. Nakan ce su zo su riƙe kunamar na minti biyar. Mutum ɗaya ce ta zo, kuma ta ƙi mayar mini da abin tuƙin har batir ya mutu.

Da damina ta faɗi aka yi wani ruwa mai ƙarfi, ƙorama ta kawo har ta taɓa gonaki. Bayan kwana biyu Baba ya kira ni a waya, abin da ba ya yi sai da dalili.

"Lahiya, Baba?"

"Lahiya lau. Ruwa ya ɓata muna hanya. Duwatsun duk sun gusa, babban ma yashi ya cinye rabinshi. Babu ko guda inda munka bar shi."

Na fara yi masa jaje, sai na ji muryarsa ba ta mai neman jaje ba ce.

"Na bi ta da ƙahwa da sahe," ya ce. "Akwai wani hawa sabo wajen aduwa, ban ga ta inda za a bi shi ba tukuna. Ki zo da wuri ran Asabar."