Kaset ɗin Hussaini Mai Kukuma

Duk wanda ya zauna a unguwar Nuzla ta Jidda ya san Zubaidatu, ko bai san sunanta ba. Ita ce doguwar matar nan mai saurin tafiya da ta yi shekara ashirin da shida tana sharar wata makarantar 'yan mata. Ita ta yi ritaya, bakinta bai yi ba. A Jidda aka haife ta, a nan ta yi aure, a nan ta binne miji, amma har gobe takardunta baƙuwa suke kiranta, duk shekara sai ta sabunta iƙama, takardar izinin zama, tana mita.

Mahaifinta Hussaini daga Maiwurno ta Sudan ya zo, ya yi hajji ya ƙi komawa. Ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa, amma ran biki sai ya ɗauko kukumarsa ya nufi unguwar Hindawiyya. Ba ya yabon kowa, shi ya sa bai yi suna ba. Waƙoƙinsa duk na kewar gida ne, a hankali yake jan su, har a ce masu rabon abinci tsayawa suke da faranti a hannu. Sau ɗaya tak aka taɓa ɗaukar muryarsa a kaset, kuma Zubaidatu ce ta goge shi.

A wancan zamanin ba a cika rubuta wasiƙa ba, wa zai karanta a can? Kaset ake cikawa da gaisuwa a ba alhazai masu komawa. Tana da shekara goma sha bakwai innarta ta ce maza ta yi wa Goggo Larai, ƙanwar babanta da ke Maiwurno, gaisuwa, mai tafiya zai biyo bayan la'asar. Ta laluba kwandon kaset ta ɗauko wanda hannunta ya faɗa a kai. Ta ga an karya 'yan haƙoran kaset ɗin don kada a goge, amma wace yarinya ce a Nuzla ba ta san a cusa takarda a ramin ba? Ta cusa, ta danna, ta jero dangi ɗaya bayan ɗaya. Sai bayan kwana uku, kaset ya riga ya tafi, ta gane abin da ta yi.

Hussaini bai taɓa tayar da maganar ba. Ba a jima ba hannunsa ya soma rawa, ya rataye kukumar, bayan shekara bakwai ya rasu. Shirun nan shi ya ci Zubaidatu. Da zagin ta ya yi da tuni ta manta. Ta riƙe a ranta cewa mutumin nan ya mutu da ciwon abin, ya rasa bakin faɗa.

Wata rana autarta Lama, wadda ke jin Hausa amma da Larabci take amsawa, ta nuna mata wani mai kukuma a waya ta tambaya ko haka kakanta yake yi. Zubaidatu ta buɗe baki za ta rera mata, ta tarar babu komai. Baiti ɗaya bai zo ba, muryar ma ta ɓace mata. Ranar tsoro ya kama ta sosai, kuma daga ranar ta shiga nema.

Shekara biyu tana bin lungunan Hindawiyya da Kurayyat, Lama na biye da waya tana ɗaukar tsofaffi. Wani ya rantse Hussaini gajere ne, alhali sai ya sunkuya yake shiga ƙofar gidansu. Wata tsohuwa ta ce ta yi kuka a bikinta saboda waƙarsa, amma kalmomin kam sun tafi tare da haƙoranta. Wani dattijo mai gemu ya ce, "Kiɗa? Allah ya yafe masa, halas, shi ke nan," ƙafarsa kuwa tana buga ƙasa a hankali. Shagon da ake sayar da kaset ya koma na gyaran waya. Zubaidatu ta yi faɗa da mutum uku, ta sha shayi a gida arba'in, ba ta samo ko sakan ɗaya na muryar ba.

Yaƙin Sudan ne ya kawo mata muryar. Rafi'u, ɗan marigayiya Goggo Larai, ya iso da jaka ɗaya da bizar umra. Bayan ya ci ya huta, ya zaro wata leda daga cikin takardunsa, da kaset a ciki.

"Yaya, Inna ta ce ko gidan zai ƙone kada a bar wannan. Duk Sallah sai ta saurara."

Zubaidatu ta gane shi tun kafin ta taɓa. Takardar da ta cusa tana nan a ramin, ta yi ja.

Washegari Lama ta samo tsohuwar rediyo mai kaset a kasuwar gwanjo. Suka zauna bayan azahar, fanka na juyawa. Sai ga muryar wata yarinya mai rawar kai tana gaida Goggo, tana gaida Kawu, tana gaida har akuyar gidan. Lama ta kwashe da dariya. Zubaidatu ba ta yi ba, don kunya da haushin yarinyar nan sun cika ta.

Can sai aka ji ƙarar ƙofa da jan takalmi, sannan muryar namiji, mai kauri, a gajiye.

"Zubaida, wane kaset ne wannan kika sa?"

"Baba, yi shiru mana, yana ɗauka."

Sai hucin kaset kawai ake ji. Ita dai ba ta tuna da shigowarsa ko kaɗan. Ta dafe ƙirji tana jiran faɗan da ta yi shekara kusan arba'in tana jira.

Aka ji ya yi 'yar dariya ta hanci.

"To, ci gaba, uwata. Kada ki manta Hikima, kin san ta da fushi."

Daga nan shi ya zauna yana tuna mata sunaye, tana gaisarwa, waƙarsa na gogewa a gabansa. Da yarinyar ta yi sallama aka ji ƙas, sai kukuma ta ɓullo daga ƙarƙashi, ragowar da gaisuwar ba ta kai ba. Muryar ta ce jirgin da ya kawo shi ya koma shi bai koma ba, a gaida masa bakin kogi. Ko minti ɗaya bai cika ba zaren ya ƙare.

Lama ta share ido ta ce, "Ummi, yalla, in ɗauki waƙar a waya kafin kaset ɗin ya lalace."

"Za ki ɗauka," in ji Zubaidatu. "Amma ba nan ba tukuna. Mayar min da shi baya, inda ya shigo."